Babbar Taya a Motar Karkara: Mu Sa, ko Mu Bari?

Wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙasar Bagudo ta aiko mana da wasiƙa. Sun ce kaka uku suka yi suna tara kuɗi, har suka sayi tsohuwar Hilux domin kai amfanin gona kasuwa da kuma kai marasa lafiya asibiti. Wanda ya sayar musu ya riga ya ɗaga motar. Yanzu tayoyin sun suɗe, mai faci kuwa ya ba su shawara su sa manya, tun da akwai fili a ƙarƙashin bodi. Suna tambaya, "Mu sa, ko mu bari?"

Mun ga ya kamata mu amsa musu a nan, gama ba su kaɗai ke da wannan tambaya ba. Duk wanda ya ƙetare gadar Tuga da damina ya nufi ƙauyukan Ka'oje, ko Illo, ko Lolo, ko Tsamiya ta bakin iyakar Benin, ya san abin da ke jiransa da zarar ya sauka daga babbar hanya. Manyan motoci sun haƙe gefe biyu, sun bar tudu a tsakiya. Fadama ta jiƙe. Da rani kuma rairayi ne. Mutanen wajen ba su manta da ambaliyar 2020 ba, sa'ad da ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, ya kuma yanke hanyoyi da yawa. Idan mota ta kafe da mace mai naƙuda a ciki, maganar ta wuce ta ƙarfe. Saboda haka ba mu ga laifin wanda yake so motarsa ta yi tsawo ba. Sai dai kafin a fitar da kuɗin jama'a, ya kamata kowa ya san abin da babbar taya take bayarwa da abin da take karɓewa.

Ɗaga mota dabam, ɗaga cikinta dabam

Mu leƙa ƙarƙashin motar daga baya. Za mu ga wani ƙarfe mai kauri ya haɗa ƙafafun baya biyu, shi ne aksil. A tsakiyarsa akwai wani kumburi kamar tulu. A cikinsa haƙoran da suke raba ƙarfin inji zuwa ƙafa biyu suke. A nan za mu riƙa kiransa tulun aksil. Wannan tulu shi ne yakan fara taɓa ƙasa a hanyar da ke da tudu a tsakiya.

Sa'ad da makanike ya ɗaga mota, yakan ƙara ganyen sifirin, ko ya sa dogon ƙarfen rataya sifirin, ko ya sa wani abu tsakanin sifirin da aksil. Dukan waɗannan suna ɗaga bodi da shasi. Amma aksil yana nan inda yake, domin a kan taya yake zaune. Ko an ɗaga bodi kamu guda, tulun aksil na baya bai motsa ba ko da faɗin farce. Abu ɗaya ne kaɗai yake ɗaga shi, watau taya mai tsawo.

To, mene ne amfanin ɗaga bodi? Yana ba babbar taya wurin motsi, yana kuma hana gaban mota da bayanta bugun ƙasa wajen shiga kwazazzabo da fita. Wannan amfani ne na gaske. Amma kada filin da muke gani tsakanin taya da bodi ya ruɗe mu. An yi shi domin taya ta hau ta sauka sa'ad da aka yi lodi ko aka faɗa rami.

Rabin abin da aka ƙara ne muke samu

A jikin kowace taya akwai lamba. Mu ɗauki 205/80 R16, irin girman da Hilux da yawa suka fito da shi. Ga yadda ake karanta ta:

205 shi ne faɗin taya a milimita.
80 yana nufin tsawon gefen taya kashi 80 bisa 100 ne na faɗinta, watau milimita 164.
16 shi ne faɗin wili a inci, watau milimita 406.

Gefen taya yana sama yana ƙasa, saboda haka sai mu haɗa 164 da 164 da 406. Tsawon tayar daga ƙasa zuwa sama milimita 734 ke nan.

Yanzu mu ɗauki 235/85 R16, wadda masu shiga daji suke so. Gefenta milimita 200 ne, biyu 400, a haɗa da 406, ya zama 806. Ta fi ta farko da milimita 72, kusan inci 3.

Amma aksil a tsakiyar taya yake. Rabin ƙarin ya tafi sama, cikin bodi. Rabi ne kawai yake ƙasa. Tulun aksil ya tashi da milimita 36, kamar inci ɗaya da rabi, faɗin yatsu biyu. Iyakar ribar ke nan. Ba mu raina ta ba, gama akwai ranar da yatsu biyun nan ne za su sa mota ta wuce inda wata ta kafe. Amma bari mu duba abin da za a biya dominsu, ban da kuɗin taya.

Ƙarfin ja yana raguwa

Kowa ya san in ya ɗauki guga cike da ruwa kusa da jikinsa, ba wuya. In ya miƙa hannu da shi, sai ya ji kamar an ƙara masa nauyi, alhali ruwan bai ƙaru ba. Haka yake ga inji. Babbar taya kamar miƙa hannu ce. Ƙarfin inji yana nan yadda yake, amma yanzu yana aiki daga nesa da ƙasa.

Taya mai 806 ta fi mai 734 da kusan kashi 10 bisa 100. Saboda haka ƙarfin da motar take tura ƙasa da shi ya ragu da kusan kashi 9 bisa 100 a kowace giya. Motar da babu kaya ba za ta nuna ba sosai. Amma a yi mata lodin shinkafa, a ce ta tashi daga cikin laka ko ta hau gangaren bakin rafi, nan direba zai ji ta yi nauyi. Sai ya riƙa ƙara wuta yana riƙe kuloci rabi da rabi. Kuloci kuwa ba ya jimre wa wannan. Wanda ya saba yin shekara uku yana iya ƙonewa tun bai kai ba.

Akwai maganin wannan, amma da tsada. Ana iya canza haƙoran cikin tulun aksil. Alal misali, motar da lambar haƙoranta 4.10 ce, in an sa mata masu lamba 4.56, ƙarfinta ya dawo kamar dā. In motar mai ja da ƙafa huɗu ce, tilas a canza na gaba da na baya tare, lamba ɗaya. Aikin yana bukatar gwanin makanike. In an ɗaura haƙoran ba daidai ba, sai su yi ta kuka har su ci junansu.

Birki ma haka

Abin da ya sami inji shi ya sami birki, gama shi ma daga tsakiyar ƙafa yake kamawa. Taya ta yi tsawo, ta kuma yi nauyi, birki kuwa na dā ne. Motar za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. A hanyoyinmu, inda garken shanu ko yaro ko mai babur zai iya fitowa ba zato, taku uku ko huɗu na ƙari ba ƙaramin abu ba ne.

Ga wani abu kuma da direbobi da yawa ba su sani ba. Maleji yana ƙidaya juyin ƙafa ne, bai san an canza taya ba. Babbar taya takan ci ƙasa da yawa a juyi ɗaya. In maleji ya nuna 80, motar tana gudun kilomita 88 a awa. In ya nuna 100, tana 110. Direba yana tsammani yana tafiya a hankali, alhali ya fi haka, birkinsa kuma ya ragu.

Ma'ajin ƙungiya ma abin ya shafe shi. In maleji ya ce an yi kilomita 100, an yi 110. Wanda yake karɓar kuɗin haya bisa maleji yana hasarar kashi ɗaya cikin goma. Wanda yake juye baƙin mai a kilomita 5,000 na maleji, ya riga ya yi 5,500. Man da mota take sha shi ma yakan ƙaru kaɗan, domin taya mai nauyi da manyan haƙora tana da wuyar juyawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ba mai raina lita ɗaya.

Mota mai tsawo tana saurin kifewa

Wannan ita ce magana mafi nauyi cikin duka. Mutanen bakin Kogin Kwara ba su bukatar dogon bayani a kai. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale ya san me ya sa ake ce wa fasinja ya zauna ƙasa, kada ya miƙe. In nauyi yana ƙasa, jirgi yana zaune. In nauyi ya hau sama, ƙaramar igiyar ruwa ta isa.

Mota haka take. Abu biyu ne suke hana ta kifewa: faɗin da ke tsakanin ƙafar hagu da ta dama, da kuma kusancin nauyinta da ƙasa. A ce tsakiyar nauyin wata mota tana santimita 70 daga ƙasa. An ɗaga bodi da santimita 5, taya ta ƙara kusan 4. Tsakiyar nauyin ta kusa santimita 78 ko 79, faɗin ƙafafu kuwa bai canza ba. Ƙarfinta na tsayawa a kwana ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin goma, tun ba a ɗora mata ko buhu ɗaya ba.

Yanzu mu tuna da yadda muke lodi ranar kasuwa. Buhuna sun wuce kan direba, a kan buhuna kuma mutane ne zaune, mata da goyo, tsofaffi da yara. Kowane mutum da ke can sama yana ƙara ɗaga nauyin. Sai a zo kwana, ko ƙafa ɗaya ta faɗa gefen kwalbati, ko direba ya kauce wa akuya. Motar da aka ɗaga ba ta ba da gargaɗi kamar ƙaramar mota. Muna roƙon kowace ƙungiya da ke da irin wannan mota ta kafa doka: kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da kan direba, kuma ba mai zama a kan lodin da ya wuce bakin bodi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ƙarin sifirin ba ƙarin ƙarfi ba ne

A bakin iyaka an daɗe ana ɗaga motoci. Tsofaffinmu sun tuna da Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe ma'aikatar Peugeot a 1975, da yadda makanikai suke ɗaga bayanta har ta zama kamar za ta ci da baki in ba kaya. Ana yin haka ne domin in an danna mata lodi ta dawo daidai. Har yau hanyoyin da suka nufi Segbana da Malanbil a ƙasar Benin ba su rasa motocin da aka yi wa haka.

Saboda haka, wanda ya sayi motar da aka riga aka ɗaga ya tambayi kansa: don me aka ɗaga ta? Sau da yawa amsar ita ce don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Ƙarin ganyen sifirin yana hana mota durƙusawa, amma shasi da aksil da boris da birki suna nan yadda maƙera suka yi su. Mota irin Hilux an yi ta domin kaya wajen tan ɗaya, da direba da fasinja duk a ciki. In buhu mai kilo 100 ne, ba a kai goma ba ke nan. A dā in an yi mata yawa sai ta durƙusa, kowa ya gani. Yanzu an rufe mata baki.

Kafin a yi maganar taya, a wanke ƙarƙashin motar sarai, a shiga da tocila. A duba shasi, musamman wajen da sifirin yake rataye da kuma tsakanin kan direba da bodi. In an ga tsaga, ko walda sabuwa da aka shafe da baƙin fenti, motar ta sha wuya. A duba abin da aka ɗaga ta da shi. Mun taɓa ganin wadda aka cusa wa guntun katako da yankan tsohuwar taya tsakanin sifirin da aksil. Irin wannan sai a cire shi a ranar. Kada kuma a yarda a sa wani tubalin ƙarfe a ƙarƙashin sifirin na gaba, gama in ya zame, sitiyari ya tafi. A duba robar man birki. In ta miƙe tsam sa'ad da aka ɗaga motar da jak ƙafa tana lilo, ta yi gajarta, wata rana za ta tsinke.

Hilux na zamani ba su da aksil guda a gaba. Kowace ƙafa tana da nata hannu da nata ƙaramin sandan juyi mai roba a bakinsa. In an ɗaga gaban ya wuce inci 2, sandunan nan sukan karkace da yawa, robar ta yage, ƙasa ta shiga. A duba su da kyau.

Doguwa siririya, ko faffaɗa?

Samari sukan so faffaɗar taya wadda ta fito waje da bodi, domin tana da ban sha'awa. Amma mu lura da abin da maƙeran motocin daji suka zaɓa da kansu. Doguwar Land Rover ta dā, wadda ma'aikatan gona da na asibiti suka yi ta yawo da ita a ƙasar nan, da taya 7.50-16 take fitowa. Land Cruiser ta aiki, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984, ita ma an daɗe ana fitar da ita da 7.50 R16. Taya ce doguwa, siririya, tsawonta kusan ɗaya da 235/85 R16.

Akwai dalili. Siririyar taya tana yanka laka ta sami ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. Tana bin sawun da wasu motoci suka bari. Ba ta da nauyi kamar faffaɗa, ba ta cika gugar bodi ba, sitiyari kuma ba ya yin tauri. Faffaɗar taya sau da yawa tana bukatar wili mai fitowa waje, ko wani faifan ƙarfe da ake sawa a bayan wili domin a tura ta waje. Wannan yana ɗora wa boris nauyi a gefe, sai ya riƙa ci da wuri. Ga shi kuma tana watsa wa masu tafiya a ƙasa laka da tsakuwa.

Wani zai ce, ai a rairayi faffaɗa ta fi. Abin da ya fi taimako a rairayi shi ne rage iska. In an rage iska, sawun taya yakan yi tsawo a ƙasa, kamar tafin raƙumi, sai mota ta hau bisa rairayi. Motar da ba ta da lodi mai yawa ana iya rage mata zuwa wajen awo 20 a gejin mai faci, a tafi a hankali, ba juya sitiyari da ƙarfi. Amma da an fito hanya mai tauri, tilas a mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta, da lodi, cikin zafin watan Afrilu, zafi take yi daga ciki har ta fashe. Wanda ba shi da famfo da geji a mota, kada ya rage.

Abin da za a duba a jikin taya

Tun da Michelin ta rufe ma'aikatarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, masu kyau da marasa kyau. A kasuwannin bakin iyaka kuma ba a rasa tsofaffin tayoyin da aka gama amfani da su a Turai, ko da yake suna cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su. Manyan tayoyi suna da tsada, saboda haka jarabar sayen na hannu tana da ƙarfi. Araha ba ta ado. Ga abu uku da za a karanta kafin a biya.

Na ɗaya, ranar ƙira. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi layin har ƙarshe. Akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 yana nufin mako na 23 na shekarar 2022. In lambobi uku ne kawai, an yi tayar kafin shekarar 2000, kada a taɓa ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta tsufanta. In an ga an kankare lambar, amsa ke nan.

Na biyu, lambar nauyi. Bayan girman taya akwai wata lamba, kamar 104 ko 110 ko 120. Ita ce take faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka in an cika mata iska. 104 kilo 900 ne, 110 kilo 1,060, 120 kuwa kilo 1,400. Girman taya ba ya nuna ƙarfinta. Akwai manyan tayoyin da aka yi domin motocin shiga gari, gefensu laushi ne, kututturen dawa ma yana iya huda su. Motar kaya tana bukatar wadda aka rubuta wa C ko LT, ko 8 PR ko 10 PR. Kada lambar nauyin sabuwa ta gaza ta wadda motar ta fito da ita.

Na uku, jikinta. A duba gefe ko akwai ƙananan tsage kamar kaushin ƙafa, ko kumburi. A sa hannu a ciki a shafa, a ji ko akwai faci babba. Haƙoran da zurfinsu bai kai milimita 2 ba sun gama aiki, a laka kuwa tun kafin nan sun daina kamawa.

Biyar ne, ba huɗu ba

Wanda zai canza girman taya, biyar zai saya. A motar da take ja da ƙafa huɗu, in aka sa giyar taimako, gaba da baya suna juyi tare kamar shanun noma a karkiya ɗaya. In tayoyin gaba da na baya ba girma ɗaya ba ne, ɗaya yana ja ɗaya yana turjewa, giya ce take shan wahalar. Haka kuma in safaya ƙarama ce, ranar da aka yi faci a daji ta zama matsala. A kuma gwada ko babbar safaya za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, gama sau da yawa ba ta shiga. A gwada jak ma. Wanda ya isa dā, yanzu yana iya ƙarewa taya ba ta bar ƙasa ba. A ajiye katako mai kauri a mota dominsa.

Gwaji kafin biya

A roƙi mai taya ya ɗaura guda ɗaya a gaba, guda ɗaya a baya, kafin a gama ciniki. A shafa wa haƙoransu alli ko farar ƙasa. A yi wa motar irin lodin da ta saba ɗauka. A juya sitiyari har ƙarshe hagu, a yi gaba a yi baya, sa'an nan dama. A hau da ƙafa ɗaya bisa tudu ko suri har motar ta karkace, a sauko a leƙa. Duk inda alli ya taɓa bodi ko shasi ko robar birki, tayar tana guga. Ya kamata yatsu biyu su shiga ko'ina tsakanin taya da ƙarfe. Tayar da take guga, ƙarfe zai yanka ta a ranar da aka faɗa rami da gudu.

In an ɗaura, a kai motar a daidaita ƙafafunta, a kuma sunkuyar da fitilu, gama motar da aka ɗaga tana haske idon mai zuwa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sāke ɗaure notocin wili.

Babbar taya ba jirgi ba ce

Mun lura direba yakan ƙara ƙarfin hali in motarsa ta yi tsawo, har ya shiga ruwan da dā yake tsoro. Yatsu biyu aka ƙara masa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60, watau ya ɗan wuce gwiwa, yana iya tafiya da mota irin wannan. In inji ya shaƙi ruwa ta wajen shan iska, ya lalace nan take. A sa yaron mota ya fara shiga da sanda. In shi bai iya tsayawa da ƙafafunsa ba, mota ma kada ta shiga. Bayan an ƙetare ruwa mai zurfi, a taka birki a hankali har ya bushe, in an isa gida kuma a buɗe tulun aksil a duba mai. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai a juye.

Amsarmu ga masu wasiƙa

'Yan'uwa, ga shawararmu. Ku fara da duba shasi da abin da aka ɗaga motar da shi. In ɗagawar ta wuce inci 2, ku sauke ta zuwa nan. Sa'an nan ku tambayi direbanku, a gaban kowa, sau nawa motar ta kafe bara, kuma me ya kama ta. In tayoyi ne suke juyi a laka domin sun suɗe, sababbin tayoyi masu haƙora, girman dā, sun isa, a bar kaza cikin gashinta. In tulun aksil ne yake zama a kan tudun tsakiyar hanya, to, ku ƙara tsawo kaɗan. Taya kamar 215/85 R16 tana da milimita 772, ƙarin kashi 5 bisa 100 ke nan, inji da birki za su iya da ita. In kun ga lalle sai 235/85 R16 ko 7.50 R16, ku sani kun ɗauki alkawarin rage lodi, da rage gudu, da gyara birki tun kafin ya nema. Waɗanda suka fi haka girma, ku bar wa masu wasa da mota.

Kuɗin da ya ragu ku sayi famfo da geji, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da katako biyu. Ku kuma sa rana ɗaya kafin ruwa ya sauka, ku fito gayya da gatari da kwando, ku sare tudun tsakiyar hanya a wuraren da kuka san mota tana kafewa, ku zuba tsakuwa. Wannan zai amfani motarku, da amalanken shanu, da mai babur, da ƙauyen gaba.

Muna so mu ji daga wasu ƙungiyoyi da direbobi. Wace taya kuke sawa, wata nawa take yi muku, kuma a wace hanya? Ku rubuto mana, mu buga domin kowa ya ƙaru. Allah ya kiyaye hanya.